Shekarar da Na Rufe Karofin Kawu

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa maku a Tasawa duk lokacin da kuka je biki ko ta'aziyya. Wata tsohuwa za ta riƙe hannun ɗayanku, ta ƙare mashi kallo, ta ce, "Ashe kai ɗan Isuhu ne, wanda ya rufe karofin kawunshi." Ku kuma ku dawo gida ku yi shiru, kuna tsammanin in kun tambaye ni raina zai ɓaci. Ba zai ɓaci ba. Gaskiya ta faɗa, ni na rufe shi, da hannun nan nawa. Abin da ba a faɗa maku shi ne yadda aka kai ga haka, kuma tun da ƙarfina ya fara ja baya, gara ku ji daga bakin wanda aka yi abin da shi.

Kamfanin da na yi wa aiki na Faransawa ne, babba ƙwarai, yana da rassa tun daga bakin teku har ƙasarmu. Mu dai "Kamfani" kawai muke ce mashi, kamar babu wani a duniya. A zamanin Nasara gyaɗa yake saye, ya sayar da atamfa da sukari da fitilu. Da aka samu mulkin kai, gwamnati ta karɓe ragamar cinikin gyaɗa, sai manyan Kamfani suka duba abin da ya rage a hannunsu, suka ga ashe bango da rufi ne, kuma ba kaɗan ba. Kusan duk garin da ke da kasuwa suna da magaza, wato sito, ta siminti da kwano, suna da fili. Sai suka juya suka zama masu gini da ba da haya. Magazun suka ba masu tara gyaɗar gwamnati, filayen kuma suka shiga gina jerin kantuna a kai don 'yan kasuwa. Ni aka ɗora a kan gine-ginen Tasawa da Mayahi da Urafan. Aka ba ni mobilet, ɗan ƙaramin babur, da tarin makullai da sai na rataya su a kafaɗa. Ni ke duba rufin da ke yoyo da ƙofar da gara ta ci, ni ke nemo wanda zai shiga kanti, ni ke raba rigima in tela da mai goro suka sa juna gaba a kan wa ke da inuwar baranda. Na so aikin nan, kuma na iya shi. Ban taɓa jin kunyar in ce na iya shi ba.

Kawu Illa wan Inna mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Mahaifina ya rasu ban yi wayo ba, don haka a gidan Kawu na tashi, tuwonshi na ci. Marini ne, kamar ubanshi da kakanshi. Shekarar da dogaran sarki suka zo neman yaran da za a kai lakwal, makarantar Nasara, Kawu ya ɓoye ɗanshi Habu a rumbu, ya miƙa ni. A lokacin kowa na ganin an bayar da maraya ne. Akwai masu cewa har yau wai fansar wannan na ɗauka. Ƙarya ce. Lakwal ɗin nan ita ta ba ni duk abin da na ciyar da ku da shi, kuma ban taɓa riƙe Kawu da ita a zuciyata ba.

Karofinsu yana wurin da a da ake kira bayan gari. Ramuka ne masu zurfi, an shafe cikinsu da laso, a nan ake jiƙa baba da toka a rina zannuwa da riguna da rawunan da Buzaye ke tasowa daga arewa su saya. Amma gari ya yi ta matsowa, babbar hanya ta bi ta gefen wurin, tashar motoci ta zo ta zauna kusa, har bayan garin jiya ya zama fili mafi daraja a Tasawa. Kuma filin, a takarda, na Kamfani ne tun zamanin Nasara. Marina sun sani, amma tun da ba wanda ya taɓa ce masu ku tashi, sai suka ɗauka maganar ta mutu.

Daraktanmu na Maradi wani Bafaranshe ne da muke ce wa Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinshi ko babu wuta a ciki. Bayan ƙaramar Salla, zafi ya fara, sai ga shi da safe. Ya tsai da mota daura da karofi, ya shimfiɗa zanen gini a kan murfin injin, ya danne gefunan da duwatsu. Da Faransanci muke magana.

"Isuhu, ga sabon aikinka. Jerin kantuna daga nan har bakin tasha. Ina son su kammala kafin kakar gyaɗa, lokacin da 'yan kasuwa ke neman wuri."

Na ce, "Mushe, akwai mutane a wurin."

"Na gan su. Filin namu ne, ka fi kowa sani."

"Babbansu kawuna ne. Shi ya rene ni."

Ya cire lofen, ya dube ni, ya dubi ramukan.

"Ban san haka ba. Bon, ba zan tilasta ka ba. Zan turo wani daga biro, ofishinmu na Maradi, da jandarmomi, cikin yini guda su gama. Kai ka tafi Urafan ka duba rufin magaza har a ƙare. Ba wanda zai ga laifinka."

Na san mutumin da yake nufi. Na taɓa ganin yadda ya tashi mahauta daga wani filin Kamfani: kayansu ya sa aka watsa bisa hanya, ya hau mota ya tafi, bai tambayi sunan ko ɗaya ba. Na roƙi Mai Lofe ya ba ni 'yan kwanaki in yi tunani. Daga nan ban zarce gida ba, biron Kumandan, mai mulkin yankinmu, na nufa, don a lokacin ɗan ƙasa ne ke kan kujerar, na ce ko zai duba mana. Ya saurare ni da kyau, ya ce takardar tana nan da ƙarfinta, kuma gwamnati ma tana son a ga kantunan zamani a bakin hanya. Ya raka ni har ƙofa, ya ce in yi haƙuri.

Inna a gidana take zaune a lokacin. Na same ta bayan azahar a inuwar zaure na ciki tana kaɗin auduga, uwarku Rakiya na gefe tana tankaɗe. Na zauna a ƙasa na faɗa masu komai. Inna ba ta tsai da mazarinta ba sai da na kai ƙarshe.

"Ka aje masu makullansu, ka dawo gida."

Na ce, "In na aje, Inna, karofin zai tsira?"

"Ban ce zai tsira ba. In Allah ya ƙaddara a ruhe shi, a ruhe. Amma baƙo ya ruhe shi, ba ɗan da na haihwa ba. Baƙo in ya yi, gobe an mance sunanshi. Kai ko har jikokinka sai an hwaɗa masu."

"To in na tafi Urafan, kamar yadda ya ce?"

"Wannan ma ya fi. Ka tahi, ka ce ba ka gani ba."

Rakiya ba ta sa baki a gaban Inna. Sai da na fito zan koma biro ta biyo ni da butar alwala kamar na manta ta, ta tsaya a bayan ƙofa, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Malam, ni ban san aikin biro ba. Amma na san gidan Kawu, na san bakunan da ke ci daga ramukan nan. In baƙo ya zo, wa zai tambaya ina za su koma? Inna sunanka take dubawa, kuma da gaskiyarta. Ni tukunyar matar Habu nake dubawa."

Ta miƙo mani butar ta koma ciki. Uwarku ke nan. Ba ta da yawan magana, amma in ta yi, sai ka kwana biyu kana juya ta.

Washegari na je karofi. Kawu na tsaye a bakin raminshi da doguwar sanda yana motsa ruwan baba, kumfa mai shuɗi na tasowa. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa bai juyo ba.

"Na ji. Direban Nasaranka ya hwaɗi a tasha tun jiya."

"Kawu, na zo mu yi shawara ne."

"Shawarar mi? Ramin ga da kake gani ubana ya gina shi, ni na riƙa ɗauko mashi laso. Wanda ya ba Nasara hilin ga bai tambaye mu ba. Kuma an ce mun samu mulkin kai. To ina shi? Ko bai iso Tasawa ba tukuna?"

 Na ce mashi na je wurin Kumandan, babu ƙofa ta can. Na ce rufewa dai za a rufe, ko da ni ko ba ni, abin da ya rage shi ne yadda za a yi da inda za su koma. Sai a sannan ya juyo.

"Ni na miƙa ka lakwal da hannuna. Yau ga lakwal ta dawo mani. Tashi ka ba ni wuri, kana tare mani haske."

A hanyar komawa na yanke shawara. Na duba abin ta ko'ina, na ga in na aje makullai, sunana zai fita fes, a yabe ni a majalisa, marina kuma su wayi gari da kayansu bisa hanya. In na tafi Urafan, na yi ƙarya ke nan da ƙafafuna. In kuwa ni na riƙe aikin, akwai abin da zan iya ƙwato masu, don Mai Lofe yana bukatata. Na san abin da zai biyo baya, Inna ta riga ta faɗa mani. Na hau kamiyo, babbar motar gyaɗa, na tafi Maradi.

Na ce wa Mai Lofe ni zan yi, amma ba yanzu ba. Ramukan cike suke da kayan Layya da mutane suka kawo rini, in aka rufe su yanzu an haɗa marina faɗa da rabin gari, sai a jira Salla ta wuce. Na ce akwai wani fili a kudancin gari kusa da tsohuwar rijiya, sarki ya yarda ya ba su, Kamfani ya biya masu haƙa sababbin ramuka, ya ba da mota ta kwashe kaya. Duk wannan ya gyaɗa kai. Da na ce kuma a ware wa marina kantuna biyu a cikin jerin, masu kallon hanya, su riƙa baje kayansu a ciki, shekarar farko ba haya, sai ya buga tebur.

"Isuhu, Kamfani kake yi wa aiki ko danginka?"

Na ce, "Kamfani, Mushe, shi ya sa nake faɗa maka. Jandarma yana iya korar mutum, amma ba ya iya kawo maka ɗan haya. Tasawa duk dangi ne. In aka ga an wulakanta marina, ba ɗan garin da zai shiga kantunan nan, sai ka zuba masu ido har kakar gyaɗa ta wuce. In kuwa marina ne suka fara shiga, sauran za su biyo."

Ya daɗe yana tauna bakin lofen.

"Dakor, na yarda. Amma ka ji ni. Salla na wucewa, in na samu mutum ɗaya zaune a filin, na turo wancan mutumin da jandarmomi, kai kuma ka kawo mani makullai."

Habu ne ya fara yarda. Shi taubashina ne, tun muna yara ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, amma ran da na kai mashi maganar ba wanda ya yi dariya. Ya saurara, ya je ya ga filin, ya ɗanɗana ruwan rijiyar ya tofar.

"Ruwan ga da zartsi. Rinin baba ba ya son shi."

"Na sani. Shi ne abin da na samu."

"To a haƙa. Ni ina da 'ya'ya. Amma kada ka sa rai da Baba, ko kallon wurin ba zai zo yi ba."

Sauran marina suka bi Habu ɗaya bayan ɗaya. Su da kansu suka shafe sababbin ramukan da laso, don maginan Kamfani ba su san aikin ba. Duk tsawon lokacin nan Inna ba ta daina amsa gaisuwata ba, amma ta daina cin abincin gidana. Daga gidan Kawu ake kawo mata. Ran Layya na yanka ragona, na aika wa Kawu cinya kamar kowace shekara, aka dawo da ita.

Da hidimar Salla ta lafa, na ɗauki leburori da kwanduna muka tafi karofi da hantsi. Kowa ya kwashe, ramuka na nan buɗe, mutum ɗaya kawai ya rage. Kawu ya shimfiɗa buzunshi a bakin ramin ubanshi ya zauna. Mutane sun taru tun daga tasha, har da masu sayar da abinci da suka bar tukwanensu. Leburori suka rufe sauran ramukan, da suka iso nashi suka tsaya, suka aje kwanduna, ba wanda ya yarda ya matsa. Ni na matsa. Na durƙusa na gaishe shi a gaban kowa.

"Kawu, lokaci ya yi."

"Na gani. Ba zan yi kokawa da kai ba, na tsufa. Amma kada leburan ga su taɓa shi. Tun da kai ka ɗauko aikin, kai za ka zuba."

Na san abin da yake so. Yana so ko dai in kasa, in juya, gari ya ga na ji kunya, ko kuma in yi, gari ya gani da idonshi. Na cire takalmin biro, na naɗe ƙafar wando, na ɗauki kwando na cika shi da ƙasa. Da na juye na farko, tsohon ruwan baban da ya rage a ƙasan ramin ya fantsamo ya ɓata mani farar riga. Wata mata ta yi salati. Na koma na ciko wani. Ramin ya fi tsayin mutum nesa, kuma ni na daɗe rabona da aikin ƙarfi. Kafin azahar tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Habu ya taso zai karɓe ni.

"Zauna," in ji Kawu, bai ko ɗaga murya ba.

Na yi salla a wurin, na ci gaba. Masu kallo suka gaji suka ragu, wasu suka tafi suka dawo. Kawu bai motsa ba, rana ta juyo ta same shi bai nemi inuwa ba. La'asar ta yi sanyi kafin ƙasa ta kai baki. Ya miƙe, ya hau kan wurin, ya tattaka da ƙafa kamar mai duba aikin da ya biya a yi mashi.

"Gehen ga bai danne ba. Ruwan sama na zuwa zai zurma."

Na ƙaro kwando na danne. Ya sake tattakawa, ya naɗe buzunshi, ya tafi gida bai waiwaya ba.

Da na koma gida na tarar Inna ta ɗaure kayanta. Ta dubi rigata, ta dubi hannuwana, abin da ta ce kawai shi ne Rakiya ta dafa ruwa da bagaruwa ta gasa mani. Ta ɗora ƙwaryarta a ka ta koma gidan wanta.

Ba zan ɓoye maku abin da ya ɓaci ba. Habu ya yi gaskiya a kan ruwan, shekarar farko rinin sabon karofi bai kama da kyau ba, wasu Buzayen da suka saba zuwa suka canza gari, sai da marina suka riƙa sayen ruwa daga wata rijiya kafin abin ya daidaita. Kawu kuwa bai sake tsoma zane a rami ba har ya bar duniya. Mutumin da ba a taɓa ganin hantsi ya same shi a gida ba, ya koma zaman ƙofar gida. In na gaishe shi, sallamar kawai yake amsawa, don ita wajibi ce, ba ya ƙara ko kalma. A masallaci akwai waɗanda suka riƙa matsawa in na tsaya kusa da su. Kantunan dai sun kammala kafin kakar gyaɗa. Habu da wani marini suka shiga biyun farko, suka rataya zannuwa masu sheƙi inda duk motar da ta tsaya a tasha za ta gani, kafin wata ya zagayo ba sauran kanti ko ɗaya da babu mutum. Mai Lofe ya kira ni Maradi ya ce in zaɓi abin da nake so. Na ce ya mai da ni Mayahi da zama, in riƙa zuwa Tasawa in aiki ya kama. Ba tsoron kowa ya sa ba. Na ga duk ranar da na bi ta ƙofar gidan Kawu ina fama mashi ciwo ne, kuma Inna na tsakani tana ƙonewa.

A Mayahi aka haifi mafi yawanku. Da aka haifi babbarku, na aika Tasawa kamar yadda ya kamata, ban sa rai da komai ba. Ana gobe suna sai ga Inna a saman kamiyo, zaune bisa buhunan hatsi, ta yi fari da ƙurar hanya. Na ruga na sauko da ita.

"Ba don kai na zo ba. Jikata na zo gani."

Na ce, "To, Inna."

Da yamma Rakiya ta kai mata tuwo, ta cinye, ta ce miyar ta yi gishiri. Ba ta sake komawa Tasawa da zama ba, a ɗakin da kuka sani ta rasu.

Shekaru suka wuce. Yadin masaƙar zamani da rinin kanti suka cika kasuwanni, karofi da yawa a ƙasar nan suka mutu ba tare da kowa ya zuba masu ƙasa ba. Habu, da yake yana bakin hanya, sai ya haɗa da sayar da yadi, har ya zama shi ke ɗauke da gidan gaba ɗaya. Ban taɓa zuwa na ce wa Kawu ka gani ba, kuma na hana kowa ya faɗa mashi da sunana.

Wata rana ina kan rufin magazar Mayahi da kafinta, direban da ke zuwa daga Tasawa ya kira ni daga ƙasa, ya ce Habu ya ce in zo yau, tsoho na nemana. Na sauko na hau mobilet, ban ko canza riga ba. Na same shi kwance a rumfa a tsakar gida, ya rame, idonshi ya yi hazo. Na yi sallama, ya amsa, na durƙusa ina jiran shirun da na saba. Sai ya ce kowa ya ba mu wuri.

"Isuhu ne?"

"Ni ne, Kawu."

"Har yanzu ina cewa ba ka kyauta ba."

"Na sani, Kawu. Ni ma har yanzu ina cewa, da za a sake, haka zan yi."

Na ce a raina shi ke nan, na ɓata. Sai na ga kafaɗunshi na girgiza. Dariya yake, har tari ya sarƙe shi, sai da na tallafe shi zaune.

"Taurin kan uwarka ne da kai. Tun tana ƙarama haka take." Ya numfasa. "Saurara. Ina da ɗiya mata da ba su yi aure ba, ga gona, ga gidan ga, kuma na san halin 'ya'yana in an zo rabo. Habu mutumin kirki ne, amma ba ya iya ce ma kowa a'a. Ina son wanda in abu ya yi ɗaci ba zai aiko wani ba, zai zo da ƙahwarshi. Na duba dangi duka, kai na gani. Ka karɓa?"

Na ce, "Na karɓa."

"To. Ka ci abinci?"

"A'a, daga aiki na taso."

Ya lalubo ƙwaryar furar da aka aje mashi a gefe, ya ɗaga ludayi ya kurɓa kaɗan, ya turo ta gabana. Na riƙe ƙwaryar da hannu biyu na sha, yana sauraron kurɓata, ya ce in shanye, shi ya ƙoshi. Na kwana biyu a gidan. Ya rasu ran Juma'a da hantsi, kuma ni na raba gadonshi, na aurar da 'ya'yanshi mata daga gidana, ba wanda ya ɗaga wa wani murya.